Harnandan Shukul, Wanda Aka Fasa wa Tulu

A shekarar 1893 na fara sanin Harnandan Shukul, shekara biyu bayan guguwar da ta kwashe rufin gidaje da yawa a Port Blair, garin tsibirin da Turawa ke kai fursunonin ƙasar Hindu. Fitowata ke nan daga makarantar mishan, ina ɗan ashirin, aka ba ni aikin magatakarda, wato munshi, a ɗakin awo na Haddo, inda masu dafa wa fursunoni abinci suke zuwa karɓar gari da shinkafa da gishiri. Ranar farko na ɗebi gishiri a mudu na miƙa wa wani dogon mutum siriri, mai aski ƙwal in ban da ɗan tukku a ƙeya. Bai karɓa ba. Ya dubi mudun, ya dubi hannuna, ya nuna ƙasa da haɓa.

"Ajiye nan, Munshi."

Na ce, "Hannuna a wanke yake."

"Na gani. Ajiye dai."

Mangru, mai kwasar bayan gida na barikin, yana tsugune a bakin ƙofa yana jiran a watse ya share garin da ya zube. Ya kwashe da dariya.

"Kada ka damu, Munshi, kai ka ci sa'a ma, an yi maka magana. Ni shekara tara muna bariki ɗaya da Maharaj, inuwata kaɗai ya sani."

"Ita ma ta cika yawo," in ji dogon, wato Shukul, wanda suke kira Maharaj don girmamawa, ko waiwayawa bai yi ba. Ya ɗauki gishirinsa ya fita ta gefen da inuwar ba ta kai ba.

A wuyansa akwai ɗan katakon nan da ake rataya wa kowane ɗaurarre, mai ɗauke da lambarsa da shekarar fitarsa. Nasa 1904 aka ƙona a jiki. Ƙarƙashin katakon zaren Barahmin ne ya ratso daga kafaɗar hagu zuwa ƙugu, fari fes, ya fi duk abin da ke jikinsa tsabta. Barahmin su ne jinsi mafi daraja a wurin Hindu, ko inuwar mai shara ba sa yarda ta taɓa su. Shi ɗan wani ƙauye ne a bakin kogin Son, a ƙasar Bihar. Rigimar ban-ruwa ce ta kawo shi. Ranar da ruwa ya zama na gonarsu, baran mai ƙasa ya toshe hanyar, Shukul ya ɗaga sanda sau ɗaya, mutumin bai sake tashi ba. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, wanda a wurinmu shekara ashirin da biyar ne in mutum ya kiyaye. Jirgin ruwa ya sauke shi nan a 1879, yana ɗan ashirin da huɗu. Ya baro mata, da ɗa namiji da bai fara tafiya ba.

Ubana, wanda aka kawo tun farkon buɗe wurin, yakan ce su Shukul 'yan gata ne. A zamaninsu daji ne har bakin teku, kuma waɗanda suka sare itatuwan farko yawancinsu a gindin kututturen suka ƙare. Gatan da Shukul ya tarar shi ne kwandon laka. Shekara uku ya yi yana tare fadama, ruwa iya ƙugu, sauro kamar hayaƙi. Daga baya, da yake fursunonin Hindu ba sa cin girkin kowa sai na Barahmin, aka fitar da shi daga laka aka ba shi tukunya.

Abu ɗaya yake so a duniya, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san shi. A ƙauyensu, in ana biki ko zaman makoki, dangi kan zauna a ƙasa sahu ɗaya, kowa da ganye a gabansa, a bi su ana zuba abinci. Wanda aka shimfiɗa wa ganye a sahu mutum ne. Wanda ba a shimfiɗa wa ba, ko da ransa, ba a lissafa shi. Shukul yana so ya koma ya zauna a wannan sahu kusa da ɗansa.

Kowa ya san wanda ya ƙetare Baƙin Ruwa, wato teku, ya zubar da asalinsa, amma Shukul yana da nasa lissafin. Ya ce wanda aka ƙetarar da shi cikin mari bai ƙetare ba, ɗaukarsa aka yi, kuma laifin dole kaffara tana wanke shi. Abin da ba ya wankuwa shi ne abin da mutum ya kai bakinsa da hannunsa. Don haka in ya iya tsayawa gaban dattawan ƙauye ya rantse cewa a shekara ashirin da biyar bai ci girkin wani ba, bai sha ruwa daga hannun wani ba, bai kusanci macen da ba jinsinsa ba, to za a aske shi, ya yi wanka a kogin Ganga mai tsarki, ya ciyar da su, a shimfiɗa masa ganyensa. Kullum, bayan ya sallami bariki, sai ya koma bayan madafa ya shafe ƙasa da laka da kashin shanu, murabba'i daidai zaman mutum ɗaya. Ya yi wanka, ya shiga ciki da jiƙaƙƙen zane, ya gasa gurasarsa. In kaza ta ratsa ko inuwar wani ta faɗa ciki, ya zubar da abincin ya kwana da yunwa. Na ga hakan da idona fiye da sau ɗaya.

Dokar wurin ita ce, wanda ya cika shekara goma ba tare da laifi ba, a ba shi tikitin ci-da-kai. Yana iya karɓar gona, ko ya buɗe shago, yana kuma iya neman mata daga gidan fursunan mata. Akan jera mazan a fili, a fito da matan, kowa ya duba, wadda ta yarda ta gyaɗa kai, Bature ya rubuta. Haka ubana ya sami uwata. Yakan ce ya zaɓe ta ne don ita kaɗai ta dube shi ido cikin ido, ita kuma takan ce haƙoransa take ƙirgawa. Mu da aka haifa a nan duk daga wannan fili muka fito, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Shukul ya karɓi tikitin, ya ƙi gonar, ya ƙi filin. Ya ci gaba da dafa wa bariki a kan ɗan albashi. Masu tikiti kan cire katakon wuya su jefa a wuta, shi ya bar nasa saboda shekarar da ke jiki.

Akwai wani Dinanath da jirgi ɗaya ya kawo su, shi kuma buga kuɗin jabu ne ya kawo shi. Ya auri wata da ta sa wa mijinta guba, ya buɗe shagon yadi a kasuwar Aberdeen da ke tsakiyar gari, ya yi tumbi. Wata rana a gabana ya tare Shukul.

"Maharaj, ƙasa ga ta a banza. Ko kwakwa goma ka dasa mana. Kafin ka fita sun fara 'ya'ya."

"Wanda ya dasa itace ya yi niyyar zama."

"To mata fa? Akwai wata sabuwa, ta ce ita ma Barahmin ce."

"A wancan gidan kowa Barahmin ce ranar fili. Taka me ta ce maka?"

Dinanath ya yi dariyar yaƙe. "Ta ce in riƙa ɗanɗana miyata a hankali."

Garin kuwa yana ta girma a kewaye da shi kamar ruwa ya kewaye dutse. Ina tuna Aberdeen tana rumfunan ganye, na kuma ga ta koma kwano. Injin yanka katako na Chatham ya fara busa mana lokaci, giwaye suna jan gungume a bakin ruwa. Fadamar da Shukul ya tare ta zama gonakin shinkafa na mutanen da suka zo bayansa. A kan tudu aka fara gina babban gidan yarin nan mai reshe bakwai, muna kallon jan bulo yana hawa shekara da shekara. Yara suka cika hanya suna wata irin Hindustani da ta haɗa bakin Panjab da na Madras da na ƙasar Burma, wadda ba ta kowa ba ce sai tamu. Har Mangru ya sami tikiti, ya auri wata gajeriya mai suna Sukhiya, suka yi bukka da awaki da 'ya mace. Shukul yana nan da tukunyarsa da murabba'insa, gashin tukkunsa yana fari.

Ranar tafiyarsa, a 1904, na raka shi kwata, inda jirage ke tsayawa. Ya sa sabon zane, ƙullinsa ɗaya da butar tagulla. Mangru yana can yana wanke dakali.

"Maharaj, ka gai da Ganga. Ka ce mata Mangru yana nan yana wanke abin da ta kasa."

"Matsa da tsintsiyarka, kada ka fantsala mini."

"Ka ga mutum. Ko a ranar rabuwa."

Shukul ya haɗa hannuwansa ya gaishe ni daga nesa, kamar yadda ya saba, ya hau jirgi. Bai waiwayi tsibirin ba.

Shekara ba ta zagayo ba na gan shi a wannan kwata ɗin, cikin leburorin da wani ɗan kasuwa ya ɗauko daga Kalkata, yana saukowa da buhu a ka. Na kira sunansa. Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, ya wuce.

Sai da damina ta shiga ya zo gidana wata Lahadi da yamma. Ya zauna a matakalar ƙasa, ni ina kujera, ya ba ni labarin yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

Ya ce ya fara biyawa ta Ganga, aka aske shi, ya yi wankan, don kada ya isa gida da dauɗar jirgi. Ya shiga ƙauye da rana tsaka. Bishiyar ƙofar gidansu tana nan. Wani saurayi mai gashin baki ya fito, da ganin tafiyarsa ya san jininsa ne. Ya faɗi sunansa.

Saurayin ya tsaya a dokin ƙofa ya ce, "Mahaifina ya rasu ina goye."

"Ni ne, Deonandan. Ga ni."

"Na ji, baba. Amma an fasa tulu."

A nan ne ya ji abin da aka yi tun shekarar da aka tafi da shi. Dattawa sun ba gidan zaɓi: ko su fasa masa tulu, ko a fitar da gidan gaba ɗaya daga sahu. Wansa ya ɗauki tulu cike da ruwa ya kai bayan gari, aka kira sunan Harnandan, wata baiwa ta sa ƙafa ta ture shi. Aka yi masa duk abin da ake yi wa mamaci. Aka fasa warwaron matarsa, aka ɗaura mata farin zane. Kowace shekara ɗansa yana miƙa masa curin shinkafa tare da kakanni.

Ya nemi a tara dattawa, aka tara, a gindin bishiya, shi yana tsaye can a rana. Ya fara rantsuwar da ya yi shekara ashirin da biyar yana shiryawa. Babbansu, wanda tare suka yi kiwo suna yara, ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Harnandan, mai rai ake yi wa kaffara. Ban san wadda ake yi wa matacce ba."

Ɗansa ya biyo shi bayan an watse, ya tsaya taku kaɗan daga gare shi, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ina da 'ya'ya mata biyu. In ka ƙetare ƙofar nan, babu gidan da zai karɓe su in sun girma. Ka ce mini yaya zan yi."

Shukul ya gyara zama a matakalata. Can ya ce, "Munshi, babu wanda ya tambaye ni abin da na ci. Ko mutum ɗaya."

Na ce, "Matarka fa?"

Ya ce ya ga gefen farin zane a bayan ƙyaure, da ƙafa ɗaya. Da yamma aka ajiye masa gurasa da miyar wake a kan ganye kusa da garken shanu, wata tsohuwa ta tsaya daga nesa ta tsiyayo masa ruwa daga sama, ya tara hannu ya sha.

"Girkinta ne," in ji shi. "Gishiri ya yi yawa. Da ma haka take."

"Ka ci?"

"Na cinye."

Na tambaye shi me ya dawo da shi nan, duk faɗin ƙasar Hindu. Ya ce a can shi gawa ne, a nan ko ba komai an taɓa ba shi lamba.

Garin da ya dawo ya tarar ya riga ya yi nasa sahun. Tsofaffin fursunoni da suka yi arziki sun gina ɗakin bauta a Aberdeen, Dinanath ne shugaban masu kula da shi. Mutanen da suka ɗauko matansu a fili, ba su san ko sunan kakanninsu ba, yanzu su ne masu bin diddigin asalin wanda zai auri 'yarsu. Suna bukatar Barahmin na gaske da zai dafa musu abincin biki, ga shi kuwa babu wanda ya kai Shukul. Suka ba shi aikin. In ya gama rabo, akan shimfiɗa masa ganye a ƙarshen sahu, kusa da inda ake ajiye takalma. Ya karɓa. Daga nan yake ci, kuma shi ne kaɗai sahun da ya rage masa. Ya yi bukka a gefen gari, dab da unguwar masu shara, don can ne kawai ƙasa ba ta da mai so. Bai daina shafe murabba'insa ba. Na taɓa tambayarsa wa yake tsare wa yanzu. Ya ce hannu ya saba.

A daminar 1907 zazzaɓi ya kayar da shi. Lokacin babu biki, don haka babu wanda ya neme shi. Abin da ya faru a bukkar Sukhiya ce ta faɗa mini, shekaru bayan haka. Mangru ya lura hayaƙi bai tashi daga rufin ba kwana da kwanaki, ya tura ƙyauren, ya same shi kwance cikin ƙazantarsa, bai san inda yake ba. Ya wanke shi. Sukhiya ta dama ruwan shinkafa tana ɗura masa da cokali. Haka suka yi ta yi, ita da rana, mijin in ya dawo daga aiki, har ranar da ya buɗe ido ya ga wadda ke riƙe da kwanon. Ya juya fuska ga bango.

"Sha mana, Maharaj," in ji Mangru. "Yau ka fara? Tun wancan makon kake sha, har cokali kake lashewa."

Shukul ya juyo daga bangon. Sannan ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da ita da akuyarmu. Akuyar kuwa ba ta zuwa ɗakin bauta."

Ba su faɗa wa kowa ba. Shi kuma bai gode musu ba. Da ya warke ya koma girkin biki, ya koma ƙarshen sahunsa, in ya haɗu da Mangru a hanya ya ratse kamar da. Sukhiya ta ce abin ya ci mata rai, ta yi ta mita. Mijin ya ce ta bar shi, mutumin da bai mallaki komai ba sai ratsewa, in an karɓe ta me za a bar masa.

Mangru ya mutu a 1911, lokacin da atuni ya shiga unguwarsu. Masu shara da ke da ƙarfi an kwashe su zuwa aikin asibiti, saura suna kwance. Maza uku aka samu: surukinsa, da wani maƙwabci, da wani tsoho mai tari. Makara kafaɗa huɗu take so. In ba a ɗauke gawa ba kafin yamma, akan turo keken shanu na kwasar shara, wanda Mangru ya yi rabin rayuwarsa yana bi a baya. Sukhiya ta riga ta ɗaure zanenta za ta kama ta huɗun da kanta. Ba ta aika wa kowa ba. Shukul ya fito daga bukkarsa, ya ratsa tsakar gidan da bai taɓa takawa ba, ya sunkuya ya kama ƙafar baya ta hagu.

Hanyar maƙabartarsu ta tsakiyar kasuwar Aberdeen ta bi, babu wata. Ina dawowa daga ofis cin abincin rana na yi karo da su. Na cire hula na tsaya a gefe kamar yadda aka koya mana. Ya fi sauran ukun tsawo, don haka yana tafe a duƙe don kada makarar ta karkace, zaren nan fari yana gogar gorar makarar. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa. Dinanath, wanda yanzu ake ce wa Lala, ya miƙe daga kan tabarmarsa, mudubin idonsa a hannu.

"Maharaj, ka san abin da kake ɗauke da shi kuwa?"

"Na sani, Lala. Ya fi yadda ake ganinsa nauyi."

"Bikin 'yata saura kwana kaɗan. Wa kake so ya ci daga wannan hannun?"

Tsohon mai tari ya yi tuntuɓe, Shukul ya gyara kafaɗa ya tare nauyin, suka wuce.

An ɗauko wani mai girki daga wani ƙauye don bikin, kuma ba a sake shimfiɗa wa Shukul ganye a Aberdeen ba. Sauran shekarunsa huɗu itacen wuta ya sayar. Ran nan a bakin kabarin Mangru, in ji Sukhiya, ya taya su saukar da gawar, ya jira har aka rufe, ya karkaɗe ƙasar hannunsa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce mata awakin suna cikin lambun mutane, ta je ta kore su kafin a kai ƙara. Ya bi ta bakin teku ya tafi gida.